Ba Ta Ci Komai Ba

Ina tsakiyar auna labulen wata mata, tef a wuya, allura a baki, wayata ta yi ƙara. Umma ce, kuma ko sallama ba ta yi ba.

"Ki zo babban asibiti. Auta ce, mota ce. Amma an ce ba karaya ba ce, gocewa ce kawai."

Wannan "kawai" ɗin ita ta sa na tsaya ba matar haƙuri, na nemo takalmina a ƙarƙashin keken ɗinki, har na kulle shago da kwaɗo biyu. Da na san abin da ke jirana da a buɗe zan bar shi.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma malamar wasannin motsa jiki ce a wata makaranta. Ba ta iya tafiya a hankali ba, kullum kamar ana biyo ta, usur yana lilo a wuyanta. In ta zauna kuwa sai ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin da Umma ta shekara ashirin tana yaƙi da shi. "Sauke ƙafar nan, ke ba mai gidan haya ba ce." Ta sauke, Umma ta juya baya, ta mayar. Ranar ma haka take zaune a gaban tasi, ƙafa kan ƙafa, lokacin da wata babbar mota ta ci burki a gabansu. Direban tasin ya tsira da ƙulu a goshi. Ita kuwa gwiwarta ta sama ce ta daki allon gaban tasin, ƙarfin dukan ya bi cinya ya fitar da kan ƙashin daga gurbinsa a ƙugu.

Na same ta kan gadon turawa a barandar ɗakin taimakon gaggawa. Ƙafarta ta dama na fara gani. Ta fi ta hagu gajarta, gwiwar ta karkato ciki ta kwanta kan 'yar uwarta. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali, leɓɓanta sun bushe sun yi fari.

"Yaya, kar ki fara," in ji ta, tana magana ta tsakanin haƙora. "Umma ta riga ta yi kukan mu duka."

Umma na tsaye a gefen kanta da kwandonta. Daga kasuwa aka kira ta, amma ko ba daga kasuwa ba, Umma ba ta zuwa ko'ina hannu rabbana. Filas ɗin shayi, kofi, 'yar wuƙa, tsumma, duk suna cikin kwandon nan tun muna yara. A wurinta babu ciwon da bai fara daga yunwa ba.

Likitan ƙashi ya zo riƙe da hoton da aka ɗauka. Ƙato ne, hannun rigarsa a naɗe, bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaushe abin ya faru?"

"Da hantsi," in ji Umma. "Wani ƙaramin asibiti aka fara kai ta. Su ne suka ce gocewa ce, mu zo nan."

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Azahar ta riga ta wuce. Na ga yadda ya cije leɓe, kuma ban ji daɗin ganin hakan ba.

"Likita, ai da sauƙi tunda ba ta karye ba, ko?" na tambaye shi.

Ya dunƙule hannu ɗaya ya sa shi cikin tafin ɗayan. "Haka ƙugu yake. Nata ya fito, yana nan ta baya." Ya zame dunƙulen. "Jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin nan jini sirara ne, yanzu kuma a miƙe suke, a matse. Muna so mu mayar da shi kafin awa shida ta cika da faruwar abin. In ya daɗe a waje, ƙashin yana iya mutuwa."

"Ƙashi yana mutuwa?"

"Yana mutuwa mai shi na raye. Ba yau za a gani ba, sai bayan watanni."

"Nawa ya rage?" Auta ce ta tambaya daga kwance.

"Ya rage abin da zai ishe mu, in ba mu yi wasa ba."

Ya rubuta magunguna ya miƙo mini. Ina juyawa na ji nas ɗin da ke ɗaura wa Auta ƙarin ruwa tana ce wa Umma, "Mama, kada ta ci komai fa, za a yi mata allurar barci." Umma ta ce to.

Layin karɓar magani ya kai bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne a tagar, shi ma kamar an ce masa kada ya yi sauri. Ni dama Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba, ɗan wanda ya ba ni kuma a layin nan ya ƙare. Na yi magana, wani dattijo ya ce kowa ma mara lafiya gare shi, na ce nawa ƙashinsa ne ke mutuwa, aka bi ni da kallo kamar na zautu. Wata mata ta ja baya ta ba ni wurinta. Duk da haka na daɗe.

Da na dawo na tarar Auta ta ɗan farfaɗo, leɓɓanta sun yi laushi, har tana tsokanar mai tura gado. Na ce a raina ƙarin ruwan nan yana aiki. Nas ta karɓi ledar maganin, ta juya wajen Umma.

"Mama, ta ci wani abu?"

"Wallahi ko loma. Tun karin safe ba ta ci komai ba."

Aka tura gadon zuwa wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen barandar. Umma ta zauna a benci, ni na bi su har bakin ƙofa. A nan likitan ƙashi ya tsayar da ni, ya nuna mini wata 'yar siririyar mata mai tabarau, ya ce ita ce likitar da ke sa barci.

"Ɗan barci kaɗan za ta yi, naman cinyar ya saki, in ja ƙafar ta koma," in ji shi. "Ba yanka, ba ɗinki."

"Sa'armu ɗaya cikinta babu komai," in ji mai tabarau. "Mai barcin allura ba ya iya tari. In akwai abu a ciki ya taso, huhu yake wucewa, mutum ya shaƙe."

Suka shiga, aka rufe ƙofa.

Na koma benci. Na ɗaga kwandon Umma don in sami wurin zama, sai na ji shi sakayau. Filas ɗin ya yi ƙarar da filas ke yi in babu komai a cikinsa. A gefensa akwai baƙar leda a ɗaure, ruwa ja yana ɗiga daga gindinta. Na kwance. Ɓawon kankana ne, yanka-yanka, an sharce su har farin.

"Umma, wa ya sha kankanar nan?"

"Auta mana. Ba ki ga yadda bakinta ya bushe ba? Yarinya sai haɗiyar iska take."

"Shayin fa?"

"Kofi biyu. Na cika mata madara don ta sami ƙarfin jure ja."

"Umma! Ba a gabana aka ce kada ta ci komai ba?"

Ta dube ni da mamaki, irin kallon da take yi mini in na yi maganar banza a gaban baƙi. "To ai ba ta ci ba. Sha ta yi."

Ba wayo Umma ta yi ba, ba kuma ƙarya ta yi wa nas ba. Wa ya taɓa cin kankana? Sha ake yi, kamar lemo, kamar mangwaro, ko da kuwa da haƙori aka gatsa. An ce mata kada a ci, ta kiyaye, har burodin da ke cikin kwandon ba ta taɓa ba, ga shi nan a ledarsa. Ni kaina da a gida aka yi mini tambayar nan, amsar da zan bayar ke nan.

Na gaya mata abin da mai tabarau ta ce, da sauri, ina miƙewa. Ina kallo jinin fuskarta ya janye. Sai ta cafke mini wuyan hannu, riƙon da rabona da shi tun ina tsallaka titi da kayan makaranta.

"In kika faɗa za su fasa."

"Umma, sake ni."

"Kin ji abin da ya ce. Ƙashin zai mutu. Dubi agogo, ke dubi agogo! Ruwa-ruwa ne fa, ya riga ya wuce. Yarinyar nan da ƙafarta take cin abinci."

Ashe duk ta ji, ta kuma gane. Na dubi agogon. Na dubi ƙofar. Ba zan ce ban tsaya ba, na tsaya, don maganarta ta shige ni. Na hango Auta tana tsaye a bakin fili da sanda, yara na gudu ba ita. Na ce wataƙila ba abin da zai taso, mutane nawa ake yi wa allurar nan. Sai kuma na tuna yadda Auta ke yin amai ko a doguwar tafiyar mota.

Na fizge hannuna na ruga. Ban ƙwanƙwasa ba, da kafaɗa na bangaje ƙofar.

Likitan ƙashi ya cire takalmi, ƙafarsa ɗaya a kan gadon, zai hau. Wani ma'aikaci ya dafe ƙugun Auta da hannu biyu. Mai tabarau na tsaye a gefen kanta, ta riga ta haɗa sirinji da robar ƙarin ruwan, babban yatsanta a kan abin turawa.

"Ta sha!" na ce. "Ta sha kankana da shayi!"

Yatsan bai motsa ba. Ta zare sirinjin a hankali ta ajiye shi a tire.

"Yaushe?"

"Yanzu, ina wajen magani."

"Kamar yaya yawansa?"

"Rabin kankana. Shayi kofi biyu, da madara."

Nas ta dafe kai. "Na tambayi Mama, ta ce ba ta ci komai ba."

"Kin tambaye ta ko ta sha?" in ji mai tabarau.

Likitan ƙashi ya sauko da ƙafarsa. "Minti biyar nake buƙata. Biyar kacal."

Mai tabarau ta ce, "A nan ba zan sa ta barci ba. Sai a ɗakin tiyata, in sa mata bututu a maƙogwaro in toshe hanyar huhu tukuna."

"Akwai mai haihuwa a kan teburin, yanzu suka fara."

"To sai su gama."

"Lokaci zai wuce."

"Na sani. Kai ƙafa ce a hannunka, ni numfashinta ne a hannuna."

"Ku ja hakanan," in ji Auta. Muryarta ta dushe. "Ba sai na yi barci ba. Zan jure, wallahi zan jure. Ku ba ni tsumma in cije."

Likitan ya sunkuya kusa da ita, a karon farko na ji ya sassauta murya. "Ba juriyarki nake shakka ba, Malama. Naman cinyarki ya ƙanƙame ƙashin, ke kuma mai ƙarfi ce. In na yi kokawa da shi kina farke, wuyan ƙashin zan karya."

Ta juyo da ido ta dube ni. Na gwammace ta zage ni.

Aka kai ta bakin ɗakin tiyata, aka jingina gadon da bango, muka shiga jira. A barandar nan ma akwai agogo, wani fari mai baƙin hannu, kuma duk inda na juya sai idona ya koma kansa. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai na tare shi, har mai goge ƙasa sai da na tambaya ko sun kusa. Likitan ƙashi ya zo ya leƙa ya koma, ya sake zuwa ya leƙa. Auta ta daina tsokana, ta daina nishi ma, ta kama ƙarfen gadon kawai.

"Yaya, taɓa mini bayan ƙafa."

Na taɓa.

"Kin taɓa?"

"Ga hannuna a kai."

"Kamar ta cikin bargo nake jin ki."

Na faɗa wa likitan. Ya ce ƙashin ne ke danne babbar jijiyar da ta gangara ƙafa, ya sake duban agogo.

Umma ba ta matso kusa da gadon ba. Ta zauna can ƙarshen benci, kwandon a kan cinyarta, ta rungume shi. Raina a ɓace yake, na tara maganganu a baki, na nufe ta da su. Da na iso na ga leɓɓanta na motsi, hawaye na bin haɓarta yana sauka kan murfin filas, ba ta ko sharewa. Na haɗiye maganganun, na zauna kusa da ita.

Sai da muka ji kukan jariri daga ciki, sai da aka fito da uwar, sai da aka wanke ɗakin. Lokacin da aka tura Auta ciki rana ta riga ta yi sanyi, inuwar tagogi ta miƙe har tsakiyar baranda. Ba sai an gaya mini ba, awa shida ta wuce da daɗewa.

Aikin da kansa bai ɗauki komai ba. Likitan ƙashi ya fito rigarsa sharkaf.

"Ya koma. Da kunnena na ji shigarsa."

Mai tabarau ta biyo bayansa tana cire safar hannu. Ta tsaya a gabana. "Ina sa mata barci abin ya taso. Bututun na ciki, shi ya tare. Sai da na zuƙe kusan cikin kwano." Ta gyara tabarau. "Da a ƙaramin ɗakin can ne, da yanzu ba maganar ƙafa muke yi ba."

Na zame na zauna a ƙasa. Umma ta ji, ta rufe fuska da mayafi.

Da Auta ta farka, likitan ya ce ta motsa yatsun ƙafa. Babban ya motsa, sauran suka biyo. Muka yi hamdala. Ya ce jijiyar ta tsira, amma maganar ƙashin sai a jira, yana iya kai shekara biyu kafin a tabbatar. Nas ta ce za ta iya kurɓar ruwa. Umma ta sa ta maimaita, ta tambaya ruwa zalla ko, cokali nawa, sannan ta miƙo mini kofin ta ce in ba ta ni.

Makonni Auta ta yi a kan sanduna biyu, ba ta taka ƙafar. Umma ta tare a gidanta, ita ce wanka, ita ce wanki. Sannu a hankali ta ajiye sanda ɗaya, ta ajiye ta biyu, ta koma makaranta, har ta fara ɗan sassarfa a bakin fili. Muka fara mantawa da agogon nan. Umma ce kaɗai ba ta manta ba, kullum idonta na kan tafiyar Auta, kuma ita ta fara lura. Shekara na zagayowa ta ce mini, "Yarinyar nan tana ɗingishi in ta ɗauka ba a kallonta."

Auta ta musa, daga baya ta amsa. Wani ciwo ne a gindin cinya, yana tashinta in ta juya, ya hana ta sa safa. Muka koma mu uku.

Likitan ƙashi ya ɗora sabon hoton a kan fitila. Ya daɗe yana kallo kafin ya nuna mana da bayan biro. Saman kan ƙashin, wanda ya kamata ya zama zagayayye, ya ɗan lotsa.

"Wannan ɓangaren ya mutu," in ji shi. "Za ki yi tafiya. Akwai aikin da za mu yi don rage ciwon, nan gaba kuma wataƙila a sa miki na ƙarfe. Gudu da tsalle kam, Malama, sai haƙuri."

Auta ta gyaɗa kai. Hannunta ya tafi wuya ya kama usur ɗin, daga makaranta ta taho ba ta cire shi ba.

"Likita," in ji Umma. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Kankanar ce?"

Ya dube ta, ya dube ni. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, na gani a fuskarsa. "Mama, ba wanda zai iya cewa. Akwai wanda ake mayar wa da wuri ya mutu, akwai wanda ake makara ya rayu. Jinkirin dai bai taimaka ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki, Auta ta riga ni.

"Wace kankana kuma? Umma, ki bar wa mai laifi laifinta. Wa ya ɗora ƙafa kan ƙafa a gaban mota? Sau nawa kika ce in sauke? Da na ji maganarki da ƙulu zan yi a goshi irin na direba." Ta yi dariya, idonta cike da ruwa. "Kankanar nan kuwa ban taɓa shan mai daɗinta ba. Ni na roƙe ki."

Ban san ko ta roƙa ba, ba na wurin. Umma ba ta ce ta roƙa ba, ba ta ce ba ta roƙa ba.

A tasi muka koma, mu uku a kujerar baya, Auta a tsakiya. Ta zauna a hankali, ta kama cinyar da hannu biyu ta gyara ta, don ƙugun ba ya barinta ta ɗaga ƙafar yanzu. Umma ta kai ido ƙasa. Ƙafafun Auta na nan a jere, tafin kowacce a ƙasa, yadda ta shekara ashirin tana so ta gan su. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya fuskarta wajen taga, ba ta sake juyowa ba har muka isa gida.